Hoton ƙirji ko sikanin: wanne za a dogara da shi idan ana zargin gazawar zuciya a ɗakin gaggawa?

Ƙaramin Likita ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna tun da aka turo ni aiki wani babban asibitin ƙaramar hukuma, inda sau da yawa ni kaɗai ne likitan da ke kwana a ɗakin gaggawa.

Masu zuwa mana da sarƙewar numfashi cikin dare suna da yawa, kuma akasarinsu ba sa zuwa da alamomi tsararru irin waɗanda muka karanta a littafi. Za a kawo dattijo mai hawan jini wanda ya daina shan magani tun watanni, yana tari, jikinsa da ɗan ɗumi, ƙafafunsa sun ɗan tasa, yana numfashi sama-sama, ba ya iya haɗa kalmomi huɗu ba tare da ya tsaya ya ja iska ba. Idan na ɗora abin sauraron ƙirji sai in ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, amma wannan ƙarar tana iya zama ta namoniya, tana kuma iya zama ta ruwan da ya taru saboda zuciya ta gaza tura jini. Hukuncin da ke gabana a wannan lokacin mai nauyi ne, domin idan namoniya ce da ta kai ga jini ya fara sauka, mara lafiyar yana bukatar ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan kuwa zuciya ce, ƙarin ruwan nan shi ne zai ƙarasa shaƙe shi, abin da yake bukata shi ne allurar Lasix da za ta fitar da ruwan ta fitsari.

Muna da ɗakin hoton ƙirji, amma yana can ƙarshen asibiti, sai an tayar da janareta, kuma da dare sai an kira mai ɗaukar hoton daga gida. Ba mu da gwajin jini na BNP mai nuna ko zuciya ta wahala, ba mu da na'urar eko, wato sikanin zuciya na musamman, kuma asibitin koyarwa mafi kusa yana da nisan tafiyar awanni. Abin da muke da shi shi ne na'urar sikanin guda ɗaya a ɗakin awon ciki, mai kai ɗaya tak, wato lanƙwasasshen kan nan da ake duba jariri da shi.

Tambayata ita ce: idan hoton ƙirji ya fito ba tare da alamar ruwa ba, zan iya cire zargin zuciya daga raina? Sannan shin duba huhu da na'urar ɗakin awon ciki abu ne da ke da tushe a ilimi, har in kafa hukunci a kansa? Wasu 'yan uwan marasa lafiya masu hali sukan nemi a tura su birni a yi siti sikan, wato babban hoton nan da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, ina so in san ko akwai amfanin hakan a irin wannan yanayi. Allah ya saka da alheri.

Mai Ɗaukar Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, Likita. Ni ba likita ba ne, aikina ɗaukar hoton ne, saboda haka zan tsaya a kan abin da ya shafi ɓangarena, in bar sauran ga manya.

Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, hoto mai tsabta ba ya wanke zuciya daga zargi. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka ɗauko daga rajistar masu gazawar zuciya ta Amurka da ake kira ADHERE, ya duba hotunan mutane fiye da 85,000 da aka kwantar saboda wannan ciwo, aka tarar kusan ɗaya cikin biyar ba a ga alamar taruwar ruwa a hotonsa na farko ba. Wannan kuwa a asibitocin da ke da ingantattun na'urori da ƙwararrun masu karanta hoto ne. Dalili ɗaya shi ne hoton yakan makara: ruwa yana iya fara taruwa a huhu awanni kafin ya bayyana a fim, haka kuma bayan magani ya yi aiki, mutum ya samu sauƙi, hoton yana iya ci gaba da nuna ruwa har kwana ɗaya ko biyu.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne yadda aka ɗauki hoton, domin yawancin kuskure daga nan yake farawa. Ƙa'idar da aka koya muku, cewa zuciya ta yi girma idan faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji, an gina ta ne a kan hoton da aka ɗauka mutum yana tsaye, ƙirjinsa manne da allon fim, hasken yana shigowa ta bayansa daga nisan kusan mita biyu, ya kuma ja numfashi sosai ya riƙe. Mara lafiyar da kake magana a kai ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dole mu ɗauke shi yana zaune ko yana kishingiɗe, fim ɗin a bayansa, hasken ya shigo ta gaba, kuma tun da zuciya a gaban ƙirji take, ta yi nisa da fim ke nan, sai inuwarta ta fito da girman da ya fi nata na gaskiya. Idan kuma bai ja numfashi sosai ba, jijiyoyin huhu za su cunkushe a ƙasa, su yi kama da ruwa alhali babu shi. Ruwan da ya taru a gefen huhu ma yana bukatar ya kai kimanin mililita 200 kafin ya cike kusurwar ƙasan ƙirji a hoton tsaye, idan kuwa mutum na kwance, ruwan yana shimfiɗewa ne a bayansa, sai ka ga gefe ɗaya ya ɗan yi duhu-duhu kawai. Don haka kafin ka karanta kowane fim, ka duba kusurwarsa ka ga yadda muka rubuta an ɗauke shi, idan ba mu rubuta ba ka tambaye mu.

Duk da haka, ina roƙon kada a raina hoton ƙirji. Idan an ɗauke shi daidai kuma ya nuna alamar, yana da wuya ya yi ƙarya. Idan ka ga jijiyoyin saman huhu sun yi kauri fiye da na ƙasa, ka ga gajerun layukan nan na kwance a gefen ƙasan huhu da ake kira layukan Kerley, da sunan likitan hoton da ya bayyana su a 1933, ko ka ga farin ya bazu daga tsakiya zuwa ɓangarorin biyu, to ka samu hujja mai ƙarfi. Sannan a yankinmu da tarin fuka ya yi yawa, hoton ne zai nuna maka rami a saman huhu, ko ƙari, ko namoniyar da ke can ciki nesa da haƙarƙari, kuma shi ne abin da mara lafiya zai riƙe a hannu ya kai wa likita na gaba. Roƙona ɗaya shi ne kada a turo mana mutum yana haki ba tare da iskar oksijin da ma'aikacin jinya a tare da shi ba, domin ɗakin hoto ba wurin ceton rai ba ne.

Tsohon Likitan Gaggawa ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya, kuma Malam mai hoto ya faɗi gaskiya a duk abin da ya kawo. Ni zan ɗauki tambayarka ta biyu, domin ina ganin amsarta za ta iya canza yadda dararenka ke tafiya. Na'urar nan ta ɗakin awon ciki ta isa, kuma lanƙwasasshen kan da kake ganin na duba jariri ne kawai yana daga cikin waɗanda suka fi dacewa da duba huhu.

An daɗe ana koyar da cewa sikanin ba ya aiki a huhu saboda iska tana mayar da sautin da na'urar ke aikawa cikin jiki baya. Wani likitan kula da masu tsananin jinya a Faransa, Daniel Lichtenstein, shi ne ya nuna cewa yadda sautin ke dawowa shi kansa bayani ne. A 1997 ya wallafa aikinsa a kan layukan da yanzu ake kira layukan B, sannan a 2008 ya fitar da tsarin da ake kira BLUE, wanda aka gwada a kan mutane 260 masu tsananin sarƙewar numfashi, ya gano musabbabin daidai a kusan kashi 90 cikin ɗari. A 2012 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka haɗu suka fitar da ƙa'idojin da aka amince da su. A 2019 kuma aka haɗa sakamakon bincike shida da suka kwatanta hanyoyin biyu a kan masu zuwa da haki: sikanin huhu ya kama kashi 88 cikin ɗari na masu gazawar zuciya, hoton ƙirji ya kama kashi 73, kuma dukansu sun yi daidai wajen wanke waɗanda ba su da ciwon, wato kashi 90. Ka ga ke nan ba sabon abu ba ne, ba kuma dabarar masu rashin kayan aiki ba ce, manyan asibitocin Turai ma da shi suke aiki a bakin gado.

Ga yadda za ka yi. Ka bar mara lafiyar a zaune yadda ya fi jin daɗin numfashi, kada ka kwantar da shi. Ka shafa jel, ka ɗora kan na'urar a tsaye a kan ƙirji yadda zai haye haƙarƙari biyu, ka sa zurfin ya kai kimanin santimita 15. A allo za ka ga inuwa biyu baƙaƙe, su ne haƙarƙarin, a tsakaninsu kuma ɗan ƙasa kaɗan akwai wani farin layi mai haske yana zamewa gaba da baya tare da numfashi, wannan shi ne tantanin da ya lulluɓe huhu. Idan huhun busasshe ne, a ƙarƙashin wannan layin za ka ga wasu layuka a kwance, suna maimaita shi a tazara iri ɗaya, su ake kira layukan A. Idan kuwa ruwa ya shiga tsakanin ƙananan jakunkunan iska, sai ka ga fararen layuka a tsaye, sun taso daga tantanin sun miƙe har ƙarshen allo ba tare da sun dushe ba, kamar hasken rana da ke ratsowa ta hudar rufin ɗaki, suna share layukan kwancen, suna kuma kaɗawa hagu da dama duk lokacin da mutum ya ja numfashi. Waɗannan su ne layukan B. Idan na'urar tana da saitin da ke gyara hoton jariri ya yi santsi, ka kashe shi, domin yana iya goge layukan da kake nema.

Layi ɗaya ko biyu, musamman a ƙasan huhun tsoho, ba komai ba ne. Abin da ake ƙirgawa shi ne uku ko fiye a tsakanin haƙarƙari biyu. Ka raba kowane gefen ƙirji gida huɗu, biyu a gaba, sama da ƙasa, biyu a gefen hammata, sama da ƙasa, ya zama gida takwas ke nan gaba ɗaya. Idan ka samu aƙalla gida biyu masu irin waɗannan layuka a dama, da gida biyu a hagu, to huhun jiƙaƙƙe ne ta ɓangarorin biyu. Idan kuma mutum yana tsananin haki amma gaban ƙirjinsa duka layukan A ne, da wuya ƙwarai a ce ruwan zuciya ne ke shaƙe shi, sai ka juya tunaninka zuwa asma, ko toshewar hanyoyin iska irin ta masu shan taba da matan da suka daɗe suna girki da itace a rufaffen ɗaki, ko gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, ko tsananin ƙarancin jini. Wannan amsar ta biyu ita ce ta fi yi mini amfani a aikina, domin ita ke hana a ɗura wa mai ƙarancin ruwa allurar fitsari. Daga nan ka gangara da kan na'urar zuwa ƙasan hammata, inda hanta take a dama da saifa a hagu, ka duba ko akwai baƙin fili a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan ruwan gefen huhu ne, kuma sikanin yana ganinsa tun yana ɗan kaɗan, tun kafin ya isa fitowa a fim. Duk wannan aikin ba ya wuce minti biyar idan hannunka ya saba.

Akwai abu ɗaya da ba na so ka manta. Layukan B suna cewa ne huhu ya jiƙe ko ya yi kauri, ba sa cewa zuciya ce ta jawo. Namoniya tana kawo su, ciwon korona ya kawo su da yawa, tabon tsohon tarin fuka yana kawo su, haka ma mai ciwon ƙoda da ruwa ya yi masa yawa. Abin da zai taimake ka shi ne kamanninsu. Na zuciya sukan bazu daidai a ɓangarorin biyu, sun fi yawa a ƙasa, kuma farin layin tantanin yana nan siriri mai santsi. Na ciwon huhu sukan zo tsalli-tsalli, wani wuri cike, kusa da shi kuma tas, layin tantanin ya yi kaushi ya kakkarye, a ƙarƙashinsa ka ga ƙananan wurare da suka daskare suna kama da naman hanta. Dattijon da ka kwatanta ma yana iya haɗa biyun, domin namoniya na daga cikin abubuwan da ke tayar da gazawar zuciyar da ke kwance, kuma idan haka ne sai ka yi maganin duka biyun, ka yi taka-tsantsan da ruwa.

Game da siti sikan, ba shi ne kayan aikin wannan tambaya ba. Yana bukatar mutum ya kwanta miƙe, wanda mai ruwa a huhu ba zai iya ba, hasken da ke shiga jiki ya ninka na hoton ƙirji sau goma-goma, ga tsada, ga doguwar hanya a mota ba tare da isasshen oksijin ba. Amfaninsa yana zuwa ne idan ana zargin gudan jini a jijiyar huhu ko tsagewar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, kuma ko a nan sai an daidaita mara lafiya kafin a ɗaga shi.

Matiron ta amsa:

Sannu da aiki, Likita. Ranka ya daɗe Baba, mun ƙaru da wannan bayani. Ni ungozoma ce, kuma tun da na'urar ɗakinmu ake magana, bari in sa baki.

Ina so in ja hankalinka ga masu jego, domin su ne waɗanda ciwon nan ya fi ɓuya a jikinsu. Yarinya ce 'yar shekara ashirin ko ƙasa da haka, ta haihu lafiya, bayan wata ɗaya ko biyu sai gajiya da tari, ƙafa ta kumbura, a gida a ce ai jego ne, ko sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan wanka da kunun kanwa. Tambayar da nake yi wa uwarta ko mijinta ita ce yadda take kwana. Idan suka ce ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango ta kwana a zaune, ko tana farkawa cikin dare tana neman a buɗe mata taga, to ba na jiran komai kafin in kira likita. Sau da yawa an riga an kai ta kemis an ba ta maganin asma saboda ƙirjinta yana shewa, ko an yi mata ƙarin ruwa saboda ta ce jikinta ba ƙarfi. Kanwa kuwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, saboda haka duk macen da aka tabbatar tana da wannan ciwon muna gaya wa danginta a fili cewa a dakatar da ita.

Sai maganar aiki. Idan kana so na'urar ta yi maka amfani da dare, ka zauna da shugabar ɗakin awon ciki da rana ku yi yarjejeniya, a san inda makulli yake kwana, a san wanda zai tabbatar an yi mata caji ko an haɗa ta da inbata, a kuma ajiye jel a ɗakin gaggawa. Na'urar ce za a turo wurin mara lafiya, ba shi za a tura wurinta ba. A goge kan da kyau bayan kowane mutum, domin da safe cikin mata masu juna biyu za a ɗora shi. Idan mace ce za ka duba, ka kira ɗayanmu ta tsaya, a rufa mata zane, a buɗe gefen da ake dubawa kawai, ka kuma yi wa mijinta ko uwarta bayani tukuna, domin mutanenmu sun san sikanin da ciki ne, idan suka ga an ɗora shi a ƙirji ba tare da bayani ba sukan tsargu.

Likitar Zuciya ta amsa:

Ƙanena, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na yarda da Baba cewa ya kamata ka fara duba huhu da na'urar da ke hannunka. Sai dai ina da ƙari ɗaya wanda a ganina ba ya cikin zaɓi: kada ka ajiye kan na'urar sai ka leƙa zuciyar ita kanta.

Dalilina shi ne irin marasa lafiyar da muke gani. Binciken THESUS-HF, wanda aka wallafa a 2012, ya tattara mutane 1,006 masu gazawar zuciya ta gaggawa daga ƙasashe tara na Afirka, har da Najeriya, ya samu matsakaicin shekarunsu 52 ne, ƙasa sosai da na Turai da Amurka, kuma hawan jini ne ya jawo kusan kashi 45 cikin ɗari, sai lalacewar tsokar zuciya da lalacewar ƙofofinta sakamakon zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya. Alƙaluman da Baba ya kawo an same su ne mafi yawa a kan tsofaffin Turai da Amurka, inda tarin fuka da lalacewar ƙofar zuciya ba su da yawa kamar a nan. Hanyar tana aiki a wurinmu, amma abubuwan da za su iya ruɗa ka sun fi yawa.

Babban misali shi ne ruwan da ke taruwa a cikin jakar da ta kewaye zuciya, wanda a ƙasashenmu tarin fuka ne kan gaba wajen jawo shi. Mai wannan matsala yana zuwa da haki, jijiyoyin wuyansa sun cika, hantarsa ta kumbura, hoton ƙirji kuma ya nuna ƙatuwar zuciya, duk wanda ya gani zai ce gazawar zuciya ce. Amma zuciyar matse take a cikin ruwa, tana rayuwa ne da ɗan jinin da ke iya shiga cikinta, idan ka ba shi Lasix mai yawa sai jininsa ya faɗi. Maganinsa shi ne a zuƙe ruwan. Gano shi kuwa abu ne mai sauƙi da wannan lanƙwasasshen kan: ka ɗora shi a ƙarƙashin ƙashin ƙirji, ka kwantar da shi kana nufar kafaɗar hagu, ka leƙa ta cikin hanta, idan ka ga baƙin zobe ya kewaye zuciya, to ka same shi. A wannan wurin za ka iya ganin ko ɗakin hagu na zuciya yana matsewa da ƙarfi ko kuwa ya buɗe yana motsi da ƙyar, ba sai ka auna komai ba, ido ya isa ya raba mai ƙarfi da mai tsananin rauni. Idan ka juya kan a tsaye za ka ga babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki tana ratsa bayan hanta. Idan faɗinta ya wuce santimita biyu kuma ba ta motsewa da jan numfashi, jiki ya cika da ruwa ko akwai abin da ya tare gaba, idan kuwa siririya ce tana rufewa gaba ɗaya, ka yi tunani sau biyu kafin ka ba da allurar fitsari.

Ka kuma sani cewa zuciya mai matsewa da kyau ba ta kore gazawar zuciya ba. Mai daɗaɗɗen hawan jini bangon zuciyarsa yana yin kauri ya sandare, ya matse lafiya amma ya kasa saki ya karɓi jini, sai ruwa ya koma huhu. Haka ma budurwa ko mai ciki da ƙofar hagu ta zuciyarta ta ƙuntata. Su waɗannan sai cikakken eko a hannun ƙwararre, saboda haka abin da ka gani da dare ba ya maye gurbin turo mana su bayan sun farfaɗo.

Abin da Matiron ta faɗa a kan masu jego gaskiya ne ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana yawan gazawar zuciyar masu jego a Zariya, kuma binciken da aka yi daga baya a arewa maso yammacin Najeriya ya nuna yana kama kusan mace ɗaya a cikin haihuwa ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A da an fi ɗora laifin a kan wankan jego da kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, amma rajistar masu wannan ciwon mai suna PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ta fi danganta shi da rama da hawan jinin ciki da talauci, an kuma samu alaƙa da ƙarancin sinadarin seleniyam. Wannan bai hana mu hana kanwa ga wadda ta riga ta kamu ba, kamar yadda muke rage wa kowane mai gazawar zuciya gishiri. A mai jego da ke haki, idan huhu ya fito busasshe kuma ɗakin dama na zuciya ne ya buɗe, ka tuna da gudan jini, domin makonnin bayan haihuwa lokacinsa ne.

Gwajin BNP da ka ce ba ku da shi, amfaninsa mafi girma shi ne kore ciwon: ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2021 sun ce idan BNP bai kai 100 ba, ko ɗan uwansa NT-proBNP bai kai 300 ba, da wuya a ce gazawar zuciya ce ta gaggawa. Busasshen huhu a sikanin yana yi maka kusan wannan aikin a bakin gado.

Ƙaramin Likita ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ranki ya daɗe Yaya, da Baba, saura abu ɗaya. Tun da babu wanda zai tsaya a kaina ya gyara mini hannu a nan, ta yaya zan san abin da nake gani a allo daidai ne, kuma a wane mataki zan tura mutum ɗakin hoto idan na riga na yi sikanin?

Tsohon Likitan Gaggawa ya sake amsawa:

Ɗana, ka fara da masu lafiya da rana, abokan aikinka da suka yarda, har idonka ya saba da layukan A da zamewar tantani. Daga nan ka duba waɗanda aka riga aka tabbatar da ciwonsu a ɗakin kwanciya, ka kwatanta abin da ka gani da fim ɗinsu. Ka riƙa ɗaukar gajeren bidiyon allon da wayarka ba tare da suna ko fuskar mara lafiya ba, ka tura wa wani babba da ya iya ya duba maka, idan kuma ka samu hutu ka je sashen gaggawa ko na zuciya a asibitin koyarwa ka tsaya kusa da masu yi. Huhu yana saurin shiga hannu, zuciya ce ke bukatar malami a kusa.

Mara lafiyar da kansa zai zama ma'auninka. Bayan ka zaunar da shi, ka sa masa oksijin idan awon oksijin na jininsa ya gaza kashi 90 cikin ɗari, ka ba shi Lasix miligiram 20 zuwa 40 ta jijiya idan bai taɓa sha ba, ka rubuta adadin layukan kowane gida a katinsa, ka sake dubawa bayan awa biyu zuwa huɗu tare da auna fitsarin da ya yi. Idan zuciya ce, layukan za su fara raguwa daga sama. Idan ya yi fitsari sosai amma layukan suna nan yadda suke, ka sake nazarin ciwon. Hoton ƙirji kuma ka yi wa duk wanda ya zo a karon farko, da duk mai zazzaɓi ko dogon tari ko rama, da wanda alamunsa suka fi yawa a gefe ɗaya, amma sai numfashinsa ya lafa har zai iya zama tsaye a gaban allon, da ma'aikacin jinya da tukunyar oksijin a tare da shi kamar yadda Malam ya roƙa.